Kwalbar da Na Ɓoye Cikin Filebon Zoɓo

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetona, mai jin kukan wanda bai cancanta a ji shi ba. Iyayena mata, yayyena da ƙannena na zumuntar matan coci, salama a gare ku.

Sunana Asabe, amma yawancinku da Maman Godiya kuka san ni, mai zoɓo da kunun aya ta bakin tasha. Karatuna bai yi nisa ba, a aji biyar na tsaya, don haka ku yi haƙuri da yadda zan jero maganar. Mama Pasto, matar fastonmu, ta ce in rubuta, in ba zan iya tsayawa a gabanku ba wata ta karanta mini. Na ce a'a. Da bakina na yi ƙarya, da bakina zan faɗi gaskiya. Kwana uku ina rubutun nan, murna ta hana ni zama wuri ɗaya. Allah ya yi mini abu, 'yan'uwa, ya yi mini babban abu!

Mu mutanen wani ƙauye ne a bakin kogi, ta wajen Kafin Hausa. Shekarar da ruwa ya ci garinmu, Godiya tana da wata huɗu, a bayana take lokacin da aka tsallaka da mu a kwalekwale. Ina kallo ɗakina ya zauna cikin ruwa kamar an jiƙa gari. Daga nan muka dawo Haɗejia, muka kama ɗaki ɗaya a gidan Hajiya Yagana mai bandar kifi. Maigidana Iliya ya samu aiki a gonar shinkafa a fadama, ya fita da sassafe, sai yamma liƙis ya dawo.

Tun daga wannan ruwan gabana bai daina faɗuwa ba. Hadari ya haɗo a gabas, sai in ji ƙafafuna sun mutu. Godiya na barcin rana, sai in je in sa yatsa a hancinta in ji ko tana numfashi, in dawo, in sake komawa. Na yi addu'a a kai, amma ban taɓa gaya wa kowa ba. Ina ganin za a ce bangaskiyata ce ta yi kaɗan.

A tasha akwai wata ƙawata Lami, tana suyar awara kusa da ni. Wata rana iskar ruwa ta taso, ina ta tattara robobi a firgice, sai ta jawo ni bayan rumfa.

Ta ce, "Ke Asabe, wannan fargabar taki za ta kashe ki tun ruwan bai zo ba. Ungo, ja sau ɗaya."

Wani abu ne kamar biro mai kauri, ja, da ɗan haske a gindinsa.

Na ce, "Ni? Taba? Ina 'yar zumunta?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Wace taba, sarauniyar tsoro? Kin ga wuta? Kin ga toka? Tururi ne kawai, irin siracen da ake yi wa mai mura. Shinshina ki ji, abarba ce zalla."

Na shinshina, abarba ce kuwa. Na ja. Na yi tari har da hawaye, sannan kaina ya yi sakayau, ƙirjina ya ɗan lafa. Na ce a raina, ashe akwai magani ina ta wahala.

Shishar aljihu suke ce mata, a asibiti kuma na ji suna cewa tabar lantarki. Caji ake yi mata kamar waya, a ɗura mata wani ruwa daga 'yar ƙaramar kwalbar roba. Ba a yi sati uku ba na sayi tawa, a shagon da ake sayar da caja da murfin waya. Mai shagon bai tambaye ni komai ba, sai dai, "Anti, abarba ko mangwaro?"

Bari in gaya muku yadda na zama, ba zan rage komai ba. Da safe, kafin in ce na gode Yesu, ita nake lalube. Ranar Lahadi ba na iya zama har ƙarshen wa'azi, sai in mintsini Godiya ta yi kuka don in samu dalilin fita, in zaga bayan majami'a in ja sau biyu. E, na yi haka. Wasunku har sannu kuka yi mini, kuna cewa yarinyar nan akwai rigima.

Babu wanda ya gane, domin sana'ata ta rufa mini asiri. Mai zoɓo ai dole ta yi ƙamshin filebo, ruwan ƙamshin da muke ɗigawa a zoɓo. Maigidana ma har yabo yake yi, yana cewa, "Ke dai ko'ina abarba, har matashin kai." Ni kuwa in yi murmushi.

Jikina kuma ya fara ba ni labari. Tari busasshe da ba ya ƙarewa. In na ɗauko kular zoɓo daga gida zuwa bakin titi sai na tsaya sau biyu ina haki, ni da nake ɗaukar buhun shinkafa a ƙauye. Fargabar da na je nema wa magani ta ninku. Da, sai hadari ya taso gabana ke faɗuwa. Yanzu kuwa ko rana tsaka, in na ɗan jima ban ja ba, zuciyata sai ta riƙa dukan ƙirjina kamar ana sussuka. Sau uku ina cewa na bari. Sau ɗaya har na jefa ta cikin kwata. Washegari na koma shagon.

Ita shishar a gefen zanina nake ƙulle ta. Kwalbar ruwan kuma na rasa inda zan sa, ɗaki ɗaya ne. Sai dabara ta zo mini, na jefa ta cikin kwandon da nake ajiye kwalaben filebo na zoɓo. Girmansu kusan ɗaya, ita ma da hoton abarba a jikinta, Iliya kuwa bai taɓa sa hannu a kwandon nan ba. Na ji daɗin wayona ƙwarai.

Abin da na manta shi ne, akwai mai sa hannu a kwandon. Duk ranar da nake haɗa zoɓo, Godiya takan zo ta miƙo tafin hannu ta ce, "Mama, ɗiga." Sai in ɗiga mata ɗigo ɗaya na filebo, ta shinshina, ta lasa, ta ɓata fuska, mu yi dariya. Ni na koya mata. Ni da kaina na koya mata cewa abin da ke cikin kwandon nan na lasa ne.

Wata ranar Talata ce da hantsi, shinkafa ta fara nuna, Iliya ya tafi korar tsuntsayen jan-baki tun asuba. Godiya tana da shekara biyu da rabi. Na tace zoɓo, na sauko da kwandon na ajiye a kan tabarma, sai abin ya taso mini. Na ce bari in zaga bayan ɗaki minti biyu.

Da na dawo, na tarar da ita zaune, kwalbar a bakinta, tana matsawa da hannu biyu. Ruwan ya zubo mata a haɓa, ya jiƙa gaban rigarta. Ba filebo ta ɗauka ba.

'Yan'uwa, ga abin da ya fi yi mini nauyin faɗa. Kafin in ɗauki 'yata, kwalbar na fara ɗauka. Na fizge ta, na ƙulle a gefen zani tare da shishar, sannan na yi ihu.

Kafin Hajiya Yagana ta fito daga wajen bandarta, Godiya ta fara amai. Yawu na dalala, gumi ya jiƙe ta, jikinta na karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Hajiya ta ce, "Subhanallahi. Maman Godiya, me ta sha?"

Na ce, "Filebo."

"Filebo kuma? Ɗauko manja, maza."

Haka muka saba, yaro ya sha wani abu a ɗura masa manja. Na riƙe ta, Hajiya ta ɗura mata cokali biyu. Ta ƙware, ta sake amai, sai wuyanta ya langaɓe a hannuna.

Hajiya ta ce, "A'a, wannan ya fi ƙarfin gida." Ko mayafi ba ta tsaya nema ba, ta ja ɗankwali ta rufa, ta fita titi ta tare mana mai adaidaita. A hanya ita ce ta kira Iliya a waya, ta ce in kira mutanen cocinmu. Na kira Mama Pasto.

A asibiti wata nas ce ta karɓe ta, babbar mace mai tabarau. Ta kwantar da ita, ta buɗe mata ido, ta sa abin awo a ƙirjinta, sannan ta juyo.

"Ke ce uwar? Me ta sha?"

"Filebon zoɓo, Sista."

"Ina kwalbar?"

Kwalbar tana nan a ƙuguna, ina jin ta tana taɓa fatata. Na ce, "Na baro ta a gida."

Daidai nan Iliya ya shigo a guje, laka har gwiwa, Mama Pasto na bayansa. Sista ta cire tabarau ta dube ni.

Ta ce, "Baiwar Allah, na ga yaran da suka sha kananzir, na ga waɗanda suka sha fiya-fiya, na ga na maganin ɓera. Filebo ba ya sa zuciyar yaro irin wannan gudu. Kowace guba da yadda ake bi da ita. In ba mu san me ta sha ba, lalube za mu yi, ita kuwa ba ta da lokacin lalube. Ku tuna da kyau, me kuke da shi a gidan?"

Sai Iliya ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Maganin feshi. Sista, maganin feshi ne na gona. Jiya na dawo da ragowar, na ajiye a zaure, na manta ban ɗaga ba. Ni ne. Ni na kashe ta."

Ban taɓa ganin hawayen mijina ba, ko ranar da ruwa ya ci rumbunmu. Ranar na gani. Sista ta ce ya yi maza ya ɗauko jarkar su ga irinsa. Ya juya zai fita.

Ni kuwa na yi shiru. Ina kallonsa, na san ba shi ba ne, na yi shiru. Wata murya a cikina tana cewa, ga Mama Pasto, ga Hajiya, ga mijinki, gobe duk Haɗejia ta ji matar zumunta tana shan shisha. Bari ya je, ƙila kafin ya dawo ta farfaɗo.

Mama Pasto ta kama hannuna, ta ɗora ɗayan hannun a ƙafar Godiya. Ba ta yi doguwar addu'a ba. Ta ce, "Ya Uba, mu ba mu san abin da ke cikin yarinyar nan ba, kai ka sani. Ka bayyana shi yanzu, don sunan Yesu."

Na durƙushe a gindin gadon. Ban san me zan roƙa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yesu, ka ga halina. Na fi tsoron kunya a kan mutuwar 'yata. Ni ba zan iya ba. Ka buɗe mini baki."

Ban ga haske ba, ban ji wata murya daga sama ba. Abin da na sani shi ne, tsoron nan da ya danne ni tun ranar kwalekwale, sai na ji an ɗage shi kamar an sauke mini tulu daga ka. Na miƙe na ƙwala wa mijina kira, yana bakin ƙofa.

"Baban Godiya, dawo. Ba maganinka ba ne."

Na kwance gefen zanina a gabansu duka, na ajiye kwalbar da shishar a kan tebur. Na ce, "Wannan ta sha. Nawa ne. Ni ke sha."

Sista ta ɗauki kwalbar, ta mayar da tabarau, ta karanta ƙananan rubutun da ke bayanta, ta fita da sauri ta dawo da likita. Daga nan sai aiki. Suka cire mata rigar, suka wanke mata wuya da ƙirji da ruwa, domin likita ya ce abin har ta fata yake shiga. Suka sa mata robar iska a hanci, suka ɗaura mata ruwa. Ya tambaye ni ina ruwan kwalbar ya tsaya da safe, na nuna masa da yatsa. Ya ce akwai wani sinadari a ciki, nikotin sunansa, shi ne dai na cikin taba sigari, kuma a irin wannan ruwan yana da ƙarfin da ɗan kaɗan ya isa ya halaka ƙaramin yaro.

Ya ga jan mai a bakinta, ya ce, "Wa ya ba ta manja?"

Hajiya ta ce, "Ni ce, ɗan nan. Mu da shi aka raine mu."

Ya ce, "Na sani, Hajiya, ni ma an ɗura mini. Amma don Allah a daina. In yaro ya ƙware, man huhunsa yake tafiya. A kawo shi kawai, a taho da abin da ya sha."

Muka zauna muna kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka. Azahar ta yi, Hajiya ta je ta yi sallarta ta dawo ta zauna kusa da ni. Mama Pasto na addu'a ƙasa-ƙasa. Iliya na tsaye jikin bango, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Wajen la'asar sai yatsun ƙafarta suka motsa. Ta buɗe ido, ta dubi silin, ta dubi babanta, ta ce, "Baba, ina takalmina?"

Halleluya! 'Yan'uwa, takalmi take nema! Wasu 'yan robobi ne masu ƙara da ya sayo mata a kasuwar Malam Madori, ko barci ba ta son cire su. Iliya ya zube a ƙasa yana dariya yana kuka. Mama Pasto ta ɗaga hannu sama. Hajiya na ta alhamdulillahi. Sista ta leƙo ta ce mu rage murya, nan asibiti ne, amma ita ma murmushi take yi.

Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Likita ya ce Allah ya taimaka mafi yawan ruwan a riga ya zube, kuma an faɗi gaskiya da sauran lokaci.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. Mun dawo gida, Iliya ya yi kwana huɗu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Rana ta biyar ya dawo daga fadama da wuri, ya zauna a kan turmi.

Ya ce, "Asabe, tun yaushe?"

Na ce, "Shekara guda."

Ya girgiza kai. "Shekara guda ina yabon abarba." Sannan ya ce, "Ba hayaƙin ne ya fi yi mini ciwo ba. Kina tsaye na ce ni na kashe 'yata, kika bar ni na kai har bakin ƙofa."

Na durƙusa na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Amma kin kira ni na dawo. Tashi. Gobe za mu koma wurin likitan nan, ke ma a duba ki."

Muka je. A ranar na fara gaya wa wani mahaluki labarin faɗuwar gabana, daga farko har ƙarshe. Likita ya ce wannan ciwo ne kamar kowane ciwo, yana kama mutanen da suka ga tashin hankali, kuma ana maganinsa. Ya ce shishar tana kwantar da shi na ɗan lokaci ne ta dawo da shi da ƙarfi, don mutum ya sake nemanta. Ya duba ƙirjina, ya ce tarin nan gargaɗi ne.

Barin abin ba wasa ba ne. Sati biyu na farko kaina kamar zai tsage, ina faɗa da kowa, har da kaza. Ku kuka riƙe ni. Kun raba ranaku a tsakaninku, kowace rana wata ta zo ta zauna da ni a tasha don kada ƙafata ta kai ni shagon nan. Babu wadda ta yi mini gori. Hajiya kuma kullum da safe sai ta miƙo mini ƙullin aya da goruba ta ce, "Bakin nan naki a ba shi aiki." Yau wata bakwai ke nan ban ja ba. Tarin ya tafi. Daminar da ta wuce an yi ruwa da tsawa, na zauna a bakin ƙofa ina tsinke zogale har aka ɗauke. Yabo ga Ubangiji!

Lami har yanzu ba ta bari ba. Ta yi kuka da ta ji, ta ce ita ma haka aka gaya mata, tururi ne kawai. Ba na fushi da ita. Ku sa ta cikin addu'a.

Yanzu ina da magana da manya, masu unguwa, kansiloli, da duk wanda Allah ya ba ikon kafa doka. Ni ba mai ilimi ba ce, amma ina da tambaya. Me ya sa guba za ta zo da hoton abarba? Me ya sa murfinta yarinya 'yar shekara biyu za ta iya buɗewa? Me ya sa gargaɗin an rubuta shi da Turanci, ƙanana kamar ƙwan kifi, babu ko kalma ɗaya da Hausa? Da idona na ga 'yan mata da kayan makaranta suna zaɓar mangwaro a shagon nan, babu mai tambayar shekarunsu. A sa doka mai ƙarfi. A hana sayar wa yara, a cire hotunan 'ya'yan itace da ƙamshin alawa, a sa murfi mai wuyar buɗewa, a rubuta haɗarin da harshen da muke ji, a kuma riƙa zagayawa ana duba shaguna. Mu matan zumunta mun rubuta takarda, Hajiya Yagana ta kai wa matan Islamiyyarsu su ma sun sa hannu, mun miƙa wa mai unguwa tare. Ni da ban iya sa hannu mai kyau ba, sunana ne na farko.

Ku kuma iyaye, kada ƙamshi ya ruɗe ku. Ba ta warin taba, ba ta barin toka, shi ya sa take daɗewa a gida ba a sani ba.

Na gode wa Allah Uba da ya ja ran 'yata daga bakin kabari. Na gode wa Yesu da bai jira na gyaru ba kafin ya ji ni. Na gode wa mijina, da ku, da maƙwabciyata.

In akwai wata a nan da take ɗauke da abin da take tsoron a sani, 'yar'uwa, na san nauyinsa. Kada ki jira sai an kwantar da ɗanki a gadon asibiti. Kunyar da na ji tsoro ta zo, ta yi kwanakinta, ta wuce, ban mutu ba. Godiya kuwa ga ta can a cinyar babanta, tana cin gyaɗa. Ki dogara ga Yesu, ki buɗe baki yau. Amin.